Ranar da Kawu Ya Gyara Mini Katuna

Har yau idan na wuce shagon buga takardu na ji warin leda mai zafi, sai raina ya ɓaci. An ce in yi haƙuri, na yi. An ce in ba da haƙuri, na bayar. Amma babu wanda ya taɓa zama ya ji nawa ɓangaren har ƙarshe, shi ya sa zan rubuta shi, mai dariya ya yi.

A 2016 na fara aiki a wani sito a Al Warsan da ke Dubai, na kamfanin da ke shigo da kayan asibiti. Tebur ɗaya muke da wani mutumin Venezuela, dogo, mai surutun tsiya, ya girme ni da 'yan shekaru. Wata rana ya shigo ofis da ƙaramin kwali a hammata yana washe baki. Na ce me aka samu? Ya ce katunan bana sun iso daga Amurka. Ya buɗe, sai ga 'yan ƙananan fakiti a jere, kowanne da katuna a ciki, kowane kati da hoton wani ƙato sanye da hula, wani riƙe da kulki, wani ya ɗaga ƙafa zai yi jifa. Ya ce 'yan wasan besbol ne. Wasa ne da mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya zura da gudu. Ni ɗan Kano ban da ƙwallon ƙafa ban san komai ba, na ce masa wannan ai aikin yara ne. Ya miƙo mini fakiti ɗaya ya ce in buɗe kawai.

Na buɗe, shi ke nan na shiga. Ba wasan ne ya kama ni ba, don har yau akwai dokokinsa da ban gane ba. Lambar da ke bayan kowane kati ce ta kama ni. Duk shekara, wajen watan Fabrairu, ake fitar da sabon jeri, katuna ɗari uku da wani abu, kowanne da lambarsa, kuma ba ka san me ke cikin fakiti ba sai ka farke shi. Kana da lamba sittin da ɗaya har guda huɗu, sittin da biyu ta ƙi zuwa. Ga mutumin da aikinsa ke nan ya tabbatar babu abin da ya ɓace a kan kanta, wannan gurbin ba ya barin sa ya sake.

Sai muka mayar da shi al'ada. Kowa ya yi odar kwalinsa, mu jira makonni, ranar Juma'ar da ta biyo bayan isowarsu ya zo falat ɗina a International City. Shi Kirista ne, sai ya zauna a shagon shayi na ƙasan bene har in dawo masallaci, ya hau da kofi biyu na shayin karak. Amma ba a shan shayin kusa da katuna. A can kicin za mu tsaya mu shanye, mu wanke hannu da sabulu, mu goge, sannan mu zauna. Shi ya koya mini duk ƙa'idojin. Ba a taɓa fuskar kati, a gefe ake riƙe shi. Kusurwa huɗun nan su ne mutuncinsa, in ɗaya ta lanƙwashe ya tashi aiki. Na gama-gari a albam ake sa su, cikin leda mai aljihu tara. Na musamman kowanne da gidansa na roba mai ƙarfi, a buɗe ta sama, a zura shi a zaro shi babu abin da ya manne masa. Mu yi ta musayar waɗanda suka maimaitu har magariba, yana ihun yalla habibi duk lokacin da lambar da yake nema ta faɗo a hannuna.

A cikin nasa na musamman akwai guda ɗaya da ba ya bari ko ni in zaro. Ɗan wasan ɗan garinsu ne. Da katin ya fito a jerin 2017, sai abokina ya aika wa mahaifinsa shi ta hannun wani mai tafiya gida. Da ɗan wasan ya dawo gari hutu, tsohon ya je filin wasa ya tsaya a rana cikin layi, da ciwon ƙafarsa, har aka zo kansa. Ɗan wasan ya rubuta sunan abokina da shuɗin alƙalami ya sa hannu a ƙasa. Tsohon ya naɗe katin a cikin hankici tsakanin kwali biyu ya aiko da shi Dubai. Shekara na zagayowa ya rasu, kuma abokina bai samu zuwa jana'iza ba. Ya taɓa gaya mini cewa wannan katin ne abu na ƙarshe da ya fito daga hannun babansa zuwa nasa.

Da korona ta zo a 2020, kamfani ya rage ma'aikata, sunansa na ciki. Ƙasarsu ba ta komuwa a lokacin, sai ya ce zai bi wani ɗan'uwansa zuwa wata ƙasa ya nemi aiki, da akwati ɗaya, bai ma san inda zai kwana ba. Ya kawo mini albam ɗinsa huɗu da akwatin takalmin da yake ajiye na musamman. Ya ce: "Ka riƙe mini har in samu adireshi. A duk garin nan kai kaɗai na yarda da hannunka." Na ce masa a wurinmu wannan sunanta amana, kuma ba ma wasa da ita. Da bakina na faɗi haka, har da dukan ƙirji. Na haɗa nawa na musamman da nasa a akwatin, na ɗora a saman kabad.

A watan Janairun 2021 Kawu ya zo. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya, ɗan kasuwa, abaya da mayafai yake sarowa. Shi ya riƙe ni shekara uku lokacin da nake sakandare, kuma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Da a wani otal a unguwar Deira yake sauka, amma wannan karon Umma ta ce ina amfanin ɗa a gari a ce kawunsa na kwana a otal. Na bar masa ɗaki na dawo falo. Da safe in tafi aiki, shi ya hau bas ya nufi Deira wurin dilolinsa da masu kago da ke aika masa kaya gida, ko ya tsallaka kasuwar 'yan Chana da ke kusa da mu.

Kwana uku da zuwansa ya same ni ina duba akwatin, don nakan sauke shi lokaci lokaci in ga ko danshi ya shiga. Ya tsaya a kaina ya ce: "Kai, karta kake yi?" Na ce a'a Kawu, na yi masa bayani iya yina. Ya miƙo hannu zai zaro ɗaya, ga shi yanzu ya gama cin gasasshiyar kaza. Ban san lokacin da na janye akwatin ba. Na ce: "Kawu yi haƙuri, ba a taɓawa. Masu muhimmanci ne ƙwarai, wasu ma ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni." Ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗaga gidan roba ɗaya ta gefe yana duba bakinsa da ke buɗe. Ya ce: "To ai ba a rufe ba." Na ce haka ake barin sa. Ya ce hmm. Wannan hmm ɗin, da na san abin da ke cikinta da a ranar na tafi da akwatin ofis.

Ranar Laraba na dawo daga aiki gab da magariba. Tun daga ƙofa na ji yana waƙe-waƙensa. Yana zaune a kan kafet ya miƙe ƙafa, ya jera wasu abubuwa masu ƙyalli a gabansa layi layi. Ya ce: "Yawwa ɗana, zo ka ga aikin da na yi maka."

Laminatin ya yi musu. Duka. Guda arba'in da uku, nawa da na amana. Ya sauke akwatin bayan na fita, ya sa a jakarsa, ya hau bas har Deira, ya kai wani shagon buga takardu, aka zaro kowane kati daga gidansa aka sa a leda aka tura cikin inji mai zafi. Bai tsaya nan ba, ya sa mai shagon ya bi gefe da almakashi ya zagaye kusurwoyin don kada su yanki mutum, kuma almakashin ya ci har cikin katunan. Gidajen robar kuwa ya bar su a can, ya ce tarkace ne.

Na durƙusa ina neman guda ɗaya. Na same shi a layi na uku. Zafin injin ya narkar da tawadar. Inda sunan abokina yake, da inda sa hannun yake, babu komai sai wani shuɗin dabbare da ya malale a kan rigar ɗan wasan, ga kumfar iska a tsakiya. Harafi ɗaya ba ya karantuwa.

Kawu na ta bayani cikin jin daɗi. Ya ce takardar filinsa ta Kano laminatin ya yi mata, shekara nawa ko gara ba ta taɓa ta ba. Takardar haihuwata ma shi ya kai aka yi mata, da sakamakon jarrabawata. Ya ce abu mai muhimmanci ba a barin sa baki buɗe, yaran yanzu kuna da boko amma ba ku san adana ba. Ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa ya sake shi ya ce: "Ka gani? Ko a ruwa ka jefa shi."

A nan na fashe. Na ce: "Kawu wa ya aike ka? Wa ya sa ka? Na ce maka ba a taɓawa! Na ce maka amana ce! Ka lalata, wallahi ka lalata!" Muryata har maƙwabta. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, ina tsaye a kansa ina nuna shi da kati. Ya dube ni kawai, ya tattara ƙafafunsa, ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ko sallar magariba ranar kowa tasa ya yi.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na tafi Deira da akwatin. Mai shagon ya juya katin a hannunsa ya ɗaga kafaɗa ya ce halas, wato shi ke nan, abin da ya shiga inji ba ya fitowa. Na ce kai ba ka ga ba takardar biza ba ce? Ba ka ga rubutun hannu a jiki ba? Ya ce alhajin ya ce a yi, shi kuma ya yi, kullum 'yan ƙasarku suna kawo takardu, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Mu ne. Mu ne duk takardar da muke so sai mun gasa ta a leda sannan hankalinmu ya kwanta. Na koma gida na gwada a kan ɗaya daga cikin nawa, na bi gefe da reza a hankali na ɗaga ledar. Fuskar ɗan wasan ta biyo ledar, aka bar ni da farin kwali a hannu.

Kafin Juma'a labari ya gama Deira. Akwai wani gidan abinci da 'yan kasuwarmu ke haɗuwa cin tuwo bayan masallaci, can Kawu ya kai ƙarata. Na shiga neman sa don mu koma tare, na tarar an riga an yanke mini hukunci. Wani alhaji mai sayar da turare ya ce: "Kai ne ka yi wa kawunka tsawa a kan hoton 'yan ƙwallo?" Na ce Alhaji ba hoto ba ne kawai, ajiyar wani ce, na mahaifinsa da ya rasu. Ya ce: "To an ƙona ne? An yar ne? Ba ga shi nan ba, har ya fi da ƙarfi?" Wani ya ce in ma ya lalace a sayo wani mana, kasuwar 'yan Chana me ba a bugawa. Aka kwashe da dariya. Wani kuma ya ce zaman waje ke nan, yaro ya fara fifita baƙo a kan jininsa. Waɗannan fa mutane ne da in ɗan kago ya jiƙa musu bandir ɗaya na yadi sai an ji su har bakin ruwa. Sun san amana sarai in tasu ce. Ta wani ce ba su ga abin tayar da jijiyar wuya a kai ba, tunda ba a sa ta a sikeli.

Ranar Asabar da hantsi Umma ta kira. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce: "Abin da na ji gaskiya ne?" Na fara bayani, ta katse ni. Ta ce mutumin da ya ciyar da kai shekara uku, ya bar harkar da ta kai shi, ya hau mota ya je ya yi maka alheri, sakayyar ke nan? Na ce Umma garin gyaran gira ya tsone ido. Ta ce: "Ko idon ya cire maka, kawunka ne. Ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ina kan waya ina ji."

Na je. Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina, ɗakin da nake biyan haya, na shiga na durƙusa a gaban gadona, waya a hannu. Na ce Kawu na yi kuskure, a yafe mini. Ya ja carbi har ƙarshensa, yadda Umma za ta ji nauyin abin. Sannan ya ce: "Ba komai. Yaro ne kai. Na yafe maka duniya da lahira." Shi ya yafe mini! Ina durƙushe ina cewa na gode. Ban ce ya yi da mugunta ba, na san da zuciya ɗaya ya yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don babu inda zan ajiye fushin. Amma a ce ko sau ɗaya, ko a ɓoye, ya ce ɗana ashe ɓarna na yi? Bai faɗa ba. Har na raka shi filin jirgi yana ba ni shawarar in kai albam ɗin ma a yi musu, ya ga leda ce sakwa-sakwa.

Mako uku bayan tafiyarsa saƙon abokina ya shigo. Ya samu aiki, ya kama ɗaki, ga adireshi. Ya ce albam ɗin su jira tukuna, nauyi gare su, amma katin babansa in aiko masa da shi yanzu, ya riga ya gyara masa wuri a kan tebur. Na kwana biyu ban amsa ba. Na yi tunanin in ce ya ɓace, na yi tunanin in ce ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya zubo a kai. A rana ta uku, lokacin hutun azahar, na fita bayan sito inda babu kowa na kira shi ta bidiyo.

Ya ɗauka da ihunsa, yana juya wayar yana nuna mini ɗakin. Na ce tsaya, akwai abin da zan nuna maka. Na ɗaga katin a gaban kyamara. Ya matso da fuskarsa. Ya ce in karkata shi, haske na dukan sa. Na karkata. Ya daɗe yana kallo, ina ganin idonsa na neman sunansa a cikin shuɗin nan. Sai ya ce, a hankali, ba da muryar da na sani ba: "Wa ya yi wannan?"

Ga amsa a bakina. Wata guda ina neman wanda zai ji cewa ba laifina ba ne, ga shi na samu mutum ɗaya a duniya da zai gane girman abin da Kawu ya yi ba sai na yi bayani ba. Amma zai zage shi, na san bakinsa, kuma yana da gaskiya. Sai na ga ba zan iya tsayawa a bayan sito ina jin wani yana zagin yayan uwata ba, ko da kuwa ni ma abin da ke raina ke nan. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba, na ji bakina ya ce: "Ni ne. Na ga danshi ya yi yawa, na ɗauka zai kare shi."

Ya ce: "Kai?" Na ce ni. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya shafa fuskarsa da hannu, ya kalli gefe, ya ce in aiko masa da shi haka nan, da albam ɗin duka, kada in bar komai. Ya ce ana kiran sa, ya kashe.

Na haɗa kayan da kaina, na naɗe kowane albam, na kai kamfanin aika saƙo ban bi ta kago ba. Na rubuta masa doguwar wasiƙa na sa a ciki, ina ba da haƙuri a kan abin da ban yi ba, karo na biyu a wata ɗaya. Har yanzu ina jin haushin Kawu, ina jin haushin mai shago da alhazan gidan tuwo, amma wanda na fi jin haushi shi ne ni, don ni aka tambaya kuma ni na amsa. Bayan kwana goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara ina cikin ƙirga kwalayen safar hannu. Shi ne. Ya rubuto: "Sun iso." Na rubuta masa amsa mai tsawo, na ga alamar ya karanta. Bai sake rubuto mini ba.